Gyaɗar Iri da Babi na Goma Sha Ɗaya

Saƙon ya shigo ranar Litinin da hantsi, Abdulbaƙi yana tsugune a rumfarsa ta bakin kasuwar Birnin Gwari, ya kwance injin ban ruwa ya baje kayan cikinsa a kan buhu. Hannunsa duk baƙin mai, don haka da bayan ɗan yatsa ya danna wayar. Muryar Saliha ce, matar nan ta Kaduna mai manhajar Kwandon Labari, inda mutane ke karanta littafi babi-babi a waya. Wata biyu ke nan da ya tura mata nasa.

"Malam Abdulbaƙi, na karanta. Akwai gurbin sabon littafi guda ɗaya a farkon wata, kuma kai nake so in ba. Amma akwai wurin da littafin nan ya mutu. Ba zan faɗa maka wurin ba, don in na faɗa za ka ce 'yar birni ce, me ta sani game da daji. Ka nemo shi da kanka, ka gyara, ka turo kafin sallar Juma'a. In ba haka ba, akwai wata a Funtuwa tana jira. Masu karatu a waya ba su da kara, Malam. Da sun gaji, babban yatsa kawai za su sa su wuce."

Sau uku ya saurara. A na ukun ne ma ya ji haushin.

Shekara huɗu ya yi yana rubuta littafin, da farko a littattafan rubutu na 'yan makaranta, daga baya ya kwafe shi a waya da yatsa ɗaya. Babi goma sha biyu ne. Labarin wani mai zuma ne, Audi, wanda ya shiga gefen dajin Kamuku duba amyarsa ta ƙudan zuma, ya yi kiciɓis da inda 'yan bindiga suka ɓoye mutanen da suka sace. Suka kama shi, suka sa ya rantse ba zai faɗa wa kowa ba, sannan suka sake shi. Tambayar da ta hana Abdulbaƙi sakat ke nan: mutum ya riƙe rantsuwarsa, ko ya ceci rai? A ganinsa littafin da ke ɗauke da irin wannan tambaya ba ya mutuwa. Sai dai ya suma.

Ya goge hannu ya shiga zauren marubuta na WhatsApp, inda suke su ɗari biyu da wani abu, kuma kowa ya riga ya ga babobin. Ya rubuta: "'Yan'uwa, don Allah a gaya min gaskiya, ina ne littafina ya mutu?"

Amsa ta fara zubowa. "Subhanallahi, Allah ya raya shi." "Littafinka ba zai mutu ba, Malam, aikin mahassada ne." "Masha Allah, Allah ya ƙara basira." Wani ya turo hoton wuta guda biyar a jere.

Ya ajiye wayar. Bai kamata ma ya tambaya ba. Bara ya taɓa kuskuren tura musu jerin kayan injin da yake son a sayo masa daga Kaduna, su fistin da zobe da bel, a maimakon babi na shida. Mutum goma sha ɗaya suka ce Masha Allah. Wata ta ce babin ya sa ta hawaye.

Da ya koma gida cin abinci ya tambayi matarsa Rahma.

"Ya yi kyau mana, Baban Isah."

"Ina ya fi kyau?"

"Duka."

"To ina ya fi rashin kyau?"

Ta tura masa kwanon miya. "Ci, kada ya huce."

Ya ci, yana tunani. A garin nan ba wanda zai dubi idonka ya ce aikin shekara huɗunka gurgu ne. Kunya ta hana wasu, kara ta hana wasu, sauran kuma injinsu yana rumfarka. Mutum ɗaya al'ada ta kwance wa baki a kansa: Bara'atu, ɗiyar gwaggonsa, taubashiyarsa. Ita ko a gaban surukansa ta ce kansa kamar tulu, sai dai a yi dariya.

Ya same ta da yamma a ƙofar gidanta, tana zazzage ɓawon gyaɗa a bola. Damina ta kusa faɗuwa, mijinta ya sauke buhunan gyaɗar iri, ita kuwa gyaɗar iri ba a kai ta inji, don inji yana fasa ƙwaya. Da hannu ake ɓare ta. Maƙwabta mata sukan taru a yi gayya, yau gidan wannan, jibi gidan waccan.

"A'a, Shehun Marubuta da kansa! Yau wane tunani ne ya ɓato hanya ya kawo ka?"

"Baiwata, aiki na kawo miki."

"Baiwarka tana kasuwa. Faɗi abin da ke tafe da kai."

Ya yi mata bayani, ya tura littafin cikin wayarta. Ta duba tsawonsa ta riƙe haɓa.

"Wannan duk kai kaɗai, ba wanda ya hana ka? To ya yi. Gobe muna ɓara tun hantsi. Ni zan riƙa karanta musu, su suna aiki. Ka ga na huta da ciwon yatsa. Karon farko ke nan da ka yi min amfani tun da aka haife ka."

Ranar Talata bayan la'asar ya dawo jin sakamako. Sun kai babi na tara.

"Audin nan naka," in ji Bara'atu, "kai ne aka sa wa hula. Mutum zai hau bishiya sai ya tsaya ya tambayi kansa ko bishiyar ta yarda. Matarsa kuma ba ta da aiki sai kawo ruwa. Sau bakwai ta kawo ruwa, na ƙirga. Rijiya ka aura masa?"

"Bara'atu, tsakani da Allah nake tambaya. Ina ne ya mutu?"

"Tun a sunan marubucin."

"Ki bar wasa."

"In bar wasa da kai? Sai Gwaggonka ta ce an yi min asiri. Ni taubashiyarka ce, ko tsakani da Allah ne sai na tsokane ka."

Ya hau babur ya tafi ransa a jagule. Sai yanzu ya ga ramin da ya faɗa. Mutanen zauren marubuta suna yabo don haka aka saba, Bara'atu tana zagi don haka aka saba. Sikelin da ya maƙale a sama da wanda ya maƙale a ƙasa, duk ba a awo da su. Wataƙila cikin maganganunta akwai na gaske, amma ta yaya zai tsince shi? Ko littafin zinariya ne haka za ta ce. Saura kwana biyu da rabi.

Ranar Laraba bayan azahar ya sake komawa, da niyyar ya roƙe ta da girman zumunci. Ya kashe babur tun daga nesa don mai ya yi ƙasa, ya turo shi, ya shiga zaure. Ya buɗe baki zai yi sallama ke nan sai ya ji muryarta daga tsakar gida tana karanta babi na goma. Ya fasa sallamar.

Ya san laɓe ba kyau. Shi da kansa ya taɓa yi wa wani dogon bayani a kan haka. Ya ce wa ransa ai littafinsa ne, mutum ba ya laɓe wa maganarsa. Ransa ya ce masa ƙarya yake yi. Suka bar maganar a nan, ya zauna a kan dakalin zauren.

Ba ya ganinsu, amma yana jin komai. Ƙarƙashin muryar Bara'atu akwai ƙarar ɓawo, ƙas, ƙas, ƙas, ta hannaye da yawa. Ya gane muryar Inna Hassana, tsohuwar gidan da ke kallon nasu, da ta Margaret matar Shekari malamin firamare, wadda kowa ke kira Maman Sofiya.

Bara'atu ta kai wurin da aka gurfanar da Audi, igiyar amyarsa ce ma aka ɗaure masa hannu da ita, ga wata mata cikin waɗanda aka sace tana kallonsa ba ta ƙifta ido. Abdulbaƙi ya lura da wani abu. Ƙas-ƙas ɗin ya ragu. Ya ƙara raguwa. Ya ɗauke gaba ɗaya. Ba abin da ake ji sai muryar mai karatu da wata kaza can tana tono.

"Wayyo Yesu," in ji Maman Sofiya a hankali. "Kada ya rantse."

"Ya zai yi?" in ji Inna Hassana. "Ci gaba, ke."

Audi ya rantse. Aka sake shi. Babin ya ƙare, aka sauke numfashi kusan tare.

Abdulbaƙi ya gyara zama, don yanzu za a shiga babi na goma sha ɗaya, wanda ya fi so a duk littafin. Shafi arba'in ne. Audi ya fito daga daji ya zauna a gindin ɗorawa yana auna al'amarin ta kowace fuska. Wata takwas ya yi yana rubuta shi, har littattafan fiƙihu ya aro.

"Shin rantsuwar da aka yi a bakin bindiga rantsuwa ce?" Bara'atu ta karanta. "Idan harshe ya furta abin da zuciya ba ta nufa ba, wa za a kama, harshen ko zuciyar?"

Ƙas.

"Kuma idan muka ce zuciyar, to ita wa ya ga cikinta?"

Ƙas, ƙas. Ƙas-ƙas-ƙas. Kafin shafi na huɗu aiki ya kankama kamar ana ruwa a kan kwano. Wata ta ce a miƙo mata faranti. Inna Hassana ta tambayi Maman Sofiya ko jikanta ya fara haƙori, aka ce ya fara, guda biyu na ƙasa, har ya ciji kakansa. Bara'atu ba ta fasa karatu ba, su ma ba su fasa hira ba.

Can Inna Hassana ta ce, "Wai har yanzu yana zaune?"

"Yana zaune, Inna. Saura shafi talatin."

"To Allah ya tashe shi. Jawo min wancan buhun."

"Wannan babin albarka gare shi," in ji wata. "Jiya a na takwas ko mudu uku ba mu haɗa ba. Yau ga shi za mu ga ƙarshen buhu."

Gumi ya karyo wa Abdulbaƙi a zauren, ba na zafin bazara kaɗai ba.

"Ni abin da ban gane ba," in ji Maman Sofiya, "ni da nake zuwa coci ma na san amsar nan. Ya karya rantsuwar ya yi azumi uku. Ba haka malamanku ke cewa ba, Inna?"

"In ba shi da abin ciyar da mutum goma, haka ne. Yaro ma ya sani."

"To me ya zaunar da shi? Mutane suna ɗaure a daji, shi yana ƙirga 'ya'yan ɗorawa."

"A babin ƙarshe ma," in ji Bara'atu, "na leƙa. 'Yan sa-kai ne suka gano wurin da kansu. Shi yana nan a zaune."

Aka yi dariya. Da dariyar ta lafa sai Bara'atu ta sake magana, da wata murya da Abdulbaƙi bai taɓa jin ta yi amfani da ita a kansa ba. Ba tsokana a ciki ko kaɗan.

"Ba rantsuwa ce ta zaunar da shi ba. Tsoro ne. Sun san gidansa, sun san yana da 'ya'ya. Mai littafin ya san haka sarai, kunyar faɗa yake ji, shi ya sa ya tara masa shafi arba'in ya ɓuya a ciki. Da ya bar shi ya ce tsoro nake ji, da littafin nan ba na biyunsa."

Hannaye suka tsaya.

"Lokacin da aka ɗauke ƙanin Baban Sofiya, Lazarus," in ji Maman Sofiya, "akwai wanda ya ga hanyar da suka bi. Bai faɗa ba sai da Lazarus ya dawo. Ban riƙe shi a zuciya ba, 'ya'yansa biyar. Amma da ya zo gaisuwa sai ya yi ta kawo mana dalilai, dalilai, har shayi ya huce. Da cewa ya yi, Maman Sofiya, tsoro na ji, da na fi samun sanyi."

"Mutum mai hankali," in ji Inna Hassana, "iyalinsa zai fara kwashewa ya kai gidan surukai, sannan ya je ya faɗa. Amma maza ba sa tunanin kaya da yara. Sai gindin bishiya."

Abdulbaƙi ya miƙe a hankali, ya tura babur ɗinsa har kwanar layi kafin ya tayar.

Bai koma rumfa ba. Ya bi hanyar fadama ya tsaya inda ya taɓa gyara wani inji a shekarar da aka katse layukan waya. A ranar, da rana tsaka, ya ga babura sun ratsa ta bakin rafi, mutum uku-uku a kan kowanne. Ya kwashe kayan aikinsa ya dawo gida bai ce wa kowa komai ba. Ya gaya wa kansa ai ba layi, wa zai kira? Ofishin 'yan sa-kai kuwa tafiyar minti goma ce a babur. Ko wani abu ya faru a ranar, ko bai faru ba, bai taɓa tambaya ba. Bayan wata ɗaya ya sayi littafin rubutu ya fara labarin Audi.

Ranar Alhamis bai buɗe rumfa ba. Masu inji biyu suka zo har gida, Rahma ta ce musu yana jinya.

"Wa ba lafiya?" ya ji ɗaya ya tambaya.

"Littafi," in ji ta.

Ya goge shafi arba'in da yatsan da ya rubuta su. Wayar ta tambaye shi ko ya tabbata. Ya daɗe yana kallon tambayar, don ba a taɓa yi masa wadda ta fi ta wuya ba, sannan ya danna. A gurbinsu ya rubuta shafi shida. Audi ya zauna a gindin ɗorawar, amma wannan karon ya san sunan abin da ke damunsa. Ya je gida. Matarsa ta kawo ruwa, karo na takwas, ya ce mata tsoro yake ji. Ita ce ta ajiye kofin ta fara naɗe tabarmi, ta ce Tsohon Birnin Gwari za su, gidan babanta, yau ɗin nan. Sai da ya ga motar da ta ɗauke su ta ɓace, sannan ya juya ya nufi inda zai faɗi abin da ya gani. Babin ƙarshe ma ya sake shi, ya bar Audi yana azuminsa na uku a garin da ba nasa ba, amyoyinsa na can daji ba mai duba su.

Ranar Juma'a da hantsi ya yi sallama a gidan Bara'atu da ƙarfi, har sau biyu.

"Yau kuma da sallama?" in ji ta daga ciki. "Shigo zaure, dakalinka na nan inda ka bar shi."

Ya tsaya da ƙafa ɗaya a ciki.

Ta leƙo tana murmushi. "Shekaranjiya warin baƙin mai ya riga ka isowa. Inna ta ɗauka injin niƙa aka kawo. Kawo babin."

Ya tura mata, ya zauna. Buhu ɗaya ya rage musu, na ƙarshe. Ta fara karatu, ƙas-ƙas na tafiya. Ya runtse ido yana saurare kamar yadda yake sauraron inji bayan gyara. Audi ya shiga gida. Matarsa ta kawo ruwa, wata ta yi 'yar dariya. Audi ya buɗe baki.

Shiru.

Shirun bai yanke ba har mota ta ɓace, har Audi ya juya. Kazar nan ce kawai ba ta san ana karatu ba.

"Yauwa," in ji Inna Hassana daga ƙarshe. "Ko shi fa."

Bara'atu ta fito zauren da faranti cike da gyaɗa ta dangwara masa a cinya.

"Ka ga abin da ka jawo. Rabin awa ba wadda ta ɓare ƙwaya ɗaya, ga hadari yana haɗuwa, mai gidan nan gobe yake son shuka. Wancan na zaman ɗorawa ya fi mana amfani. Sai ka biya da hannunka."

"To ya yi kyau?"

"Kai dai ba ka iya rubutu ba. Matar Audi ce ta cece ka."

Ya tura wa Saliha littafin daga nan kan dakalin, ya ɗaga wayar sama saitin ƙofa har saƙon ya tafi. Sannan ya hau ɓara. Yana yi yana juya wata sabuwar tambaya. In Bara'atu ta san yana zauren shekaranjiya, to maganar tsoron nan ba Inna Hassana ta yi wa ba. Al'ada ta ba ta damar ta gaya masa komai a fuska, ban da abu ɗaya, maganar da ba wasa a ciki. Sai ta gaya wa bango. To shi laɓe ya yi ke nan, ko kiransa aka yi? In kuma kiransa aka yi, yana da laifin da zai nemi yafiya?

Ya ɗago zai tambaye ta.

"Kada ka soma," in ji ta. "Na ga fuskar. Shafi arba'in ne ke tahowa. Ɓare."

Ana kiran farko na sallar Juma'a wayar ta yi ƙara. Saliha ce, a rubuce wannan karon: "Ka gano shi. Ranar ɗaya ga wata zai hau. Wane edita ka samu a Birnin Gwari?"

Abdulbaƙi ya dubi farantin, ya dubi tulin ɓawon da ke gabansa. Ya fara rubuta amsa, ya ga za ta yi tsawo, ya goge. Ya rubuta: "Su huɗu ne, da buhu."

A zauren marubuta kuwa, da ya sanar, mutum sittin suka ce Masha Allah. Matar nan da jerin kayan inji ya sa ta hawaye ta ce ita dai babi na goma sha ɗaya na da, ba za ta taɓa mantawa da shi ba.